Rabon Hannu na Injiniya Makau

Daga Anka zuwa Bukkuyum, har a gangara Gummi, babu hannun da ya kai na Injiniya Makau albarka. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Shi ma ya sha faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da ba ya yabon abu sai ya daɗe yana nazarinsa.

Ilminsa ba ɓoyayye ba ne. Ya yi kwas na kwamfuta a Sakkwato, a wani bene da ke bayan tasha, kuma da malamin bai rufe makarantar ya koma sayar da taya ba, da yanzu Dakta ake kiransa. Duk da haka bai dawo haka nan ba. Ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinare a gefe, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da Hausar rediyo, domin tun daga ranar ya bar cewa lahiya ya koma lafiya. Kalmar Injiniya kuwa a hanya ya tsince ta, tsakanin Tureta da Mafara, ganin babu mai ita.

A allon shagonsa da ke bakin kasuwar Anka an rubuta: Injiniya Makau, Likitan Kwamfuta, Sarkin Rabo na Yamma, Akwai Rassa a Gummi da Bukkuyum. Reshen Gummi tebur ne na surukinsa mai cajin waya. Reshen Bukkuyum wata rumfa ce da ya taɓa fakewa a cikinta ana ruwa.

Kowane babban mutum yana da abin da ya sadaukar da rayuwarsa wajen yaƙarsa. Wani jahilci, wani talauci. Injiniya Makau otomatik ya zaɓa.

"Duk abin da zai yi aiki da kansa," in ji shi, "ya raina mai shi ke nan. Allah ya ba ɗan Adam hannu. Bai ba ƙarfe ba."

Ba a baki kawai ya tsaya ba. Ranar da ya sayi babur ya sa aka cire maɓallin tayarwa, saboda haka kowace safiya unguwa takan saurare shi yana dukan injin da ƙafa har gumi ya jiƙa masa hula. Wayarsa ma ya hana ta saita lokaci da kanta. Shi yake gaya mata ƙarfe nawa. Wannan ne ya sa yakan isa masallaci ana sallamewa, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban liman da tausayi.

Amma inda baiwarsa ta fi fitowa shi ne wajen rabo. In an yi watanda a unguwa, an haɗu an yanka sa, shi ne yake tsugunawa a gaban nama. Ba ya yarda da sikeli, domin sikeli ma otomatik ne. Yakan ɗora tsoka a tafin hannunsa, ya lumshe ido, ya saurari nauyinta. Cikin ikon Allah, hanta da ƙoda kullum kashi guda suke faɗawa, kuma kashin nan ya san hanyar gidansa.

Injiniya yana da ƙane, ɗan baffansa, Lirwanu mai hoto, Allah ya ji ƙansa. Lirwanu bai kai Injiniya komai ba. Ba shi da allo, ba shi da tabarau, ko reshe ɗaya bai buɗe ba. Abin da kawai ya yi shi ne ya share kusan shekara ashirin yana yawo da kyamara a bayan babur, daga biki zuwa suna, daga saukar karatu zuwa naɗin mai unguwa, a Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Duk abin da ya ɗauka yakan zuba shi a wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakinsa. Da ya rasu, malamai suka raba gida da gona da babur kamar yadda aka saba. Kwamfutar kuwa magada suka yarda a bar ta ɗungurungum a hannun matarsa Habsu, domin mutane ba su daina sallama a ƙofar gidan ba. Wannan yana neman hoton innarsa, wancan na ranar aurensa. Habsu ta koyi nemowa ta zuba musu a waya, kuma da wannan ake ɗora tukunya a gidan.

Mai hoto dai ba ya shiga hoto. In ka cire na katin zaɓe, wanda ya fi kama da wani mutum daban da ake nema ruwa a jallo, babu inda fuskar Lirwanu ta fito sai wuri ɗaya. Ranar sunan 'yarsa Hidaya, sai ƙanwar Habsu ta fizge kyamarar ta juya ta kansa. Ɗan gajeren bidiyo ne. Yana riƙe da jaririya, yana dariya, yana ƙoƙarin rufe fuska da hula, yana cewa, "Ku bari mana, ni ba a ɗaukata." Shi ke nan. Habsu ba ta taɓa tura wa kowa shi ba. Nata ne. Ta ajiye shi har ranar da yarinyar za ta yi wayon tambaya.

Hidaya ta yi wayo, ta fara tambaya. Habsu ta yi mata alkawarin za ta nuna mata babanta. A makon ne kwamfutar ta ƙi tashi. In an kunna ta sai ta nuna baƙin allo da wasu 'yan rubuce-rubuce, ta tsaya nan.

Ga wanda bai sani ba, a cikin kowace kwamfuta akwai rumbu inda take ajiye komai. Rumbun nan akan yanka shi ɗaki-ɗaki, kuma masu sana'ar suna ce wa kowane ɗaki fatishan. Babbar manhaja, wadda ita ce take tayar da na'urar ta tafiyar da ita, a ɗaki guda take zama. Rumbun Lirwanu ɗaki biyu ne, ƙarami na manhaja, babba na hotuna. Manhajar ce ta lalace. Hotuna suna ɗakinsu lafiya lau, ba su ma san ana wani abu ba.

Habsu ta ɗaure kwamfutar a zane za ta aika da ita Gusau. Labari ya kai shagon Injiniya kafin ta gama ƙulla bakin zanen. Ya zo da kansa, bayan ya sha fama da babur.

"Innar Hidaya, me na yi miki?"

"Ba ka yi mani komai ba, Yaya. Gusau dai nika son a kai ta."

"Gusau! Ina raye, ina garin nan, a ɗauki amanar ƙanena a kai wa yaran da ba su san komai ba sai danna otomatik? Mutanen Gummi su ji? Mutanen Bukkuyum su ji?"

"Yaya, abin da ac ciki nika tsoro. Majigin nan na ranar suna, shi ɗai ya rage mani."

"Shi ya sa ba zan bar shi ya kwana a hannun bare ba."

Wan miji ne. Ta sunkuyar da kai, aka ɗora ƙunshin a bayan babur. Sai da ta shiga gida ta fito, ta sake shiga ta sake fitowa, sannan babur ɗin ya tashi.

Injiniya ba ya aikin ɓoye. Ya sa ranar kasuwa. Ya fito da tebur gaban shago, ya aro bencina, ya sa babbar rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Dattawan majalisa suka zauna a gaba, cikinsu har da Alhaji Ishaq, manomin da babu rigimar iyakar gona da ake kashewa a yankin ba da shi ba. Mas'ud tela, maƙwabcin shago kuma taubashin Injiniya, ya bar kekensa ya jingina da ƙyaure. Shi kaɗai ne a Anka yake kiran Injiniya da sunansa tsura. Habsu ta zauna daga gefe, a bakin shago, ta ja mayafi.

Aka tayar da janareta, da hannu. Injiniya ya ɗaga filashi, ɗan abin da ke ɗauke da sabuwar manhaja, sama kowa ya gani, ya yi bisimilla, ya soka. Sabuwar manhaja ta gaishe shi, ta tambayi harshe da ƙasa da lokaci. Ya ƙi yarda da lokacin da ta kawo, ya ba ta na wayarsa. Daga nan ta zo kan maganar rumbu.

Cikin ladabi ta yi tambayar. Ta ce ta ga akwai kaya a rumbun nan. In an yarda, za ta nemi wuri da kanta ta zauna a gefe, ba tare da ta taɓa abin da ta tarar ba. In kuma ba a yarda ba, ga wuƙa, mai gyara ya yanka da hannunsa.

Injiniya ya cire tabarau, ya juyo ga jama'a.

"Kun ji rashin kunya. Baƙuwa ce, yanzu ta shigo, ko ruwa ba ta sha ba, tana cewa a bar ta ta zaɓi ɗaki da kanta. Alhaji, a gidanka haka ake yi?"

"A'a," in ji Alhaji Ishaq. "Mai gida shi ka nuna ma baƙo masauki."

"To kun ji. Wannan shi ake kira otomatik. An yi shi ne domin malalata da 'yan koyo da mutanen Gusau. Mu manuwal muke yi."

Gaskiya a faɗe ta, rabon hannu ba aibu ba ne. Masu sana'ar da yawa shi suke zaɓa. Sukan nuna wa manhaja ɗakinta na da, su ce nan kaɗai za ki taɓa, sauran ba naki ba ne. Abin da ake bukata kawai shi ne mutum ya san ɗakin da zai taɓa da wanda zai bari, kuma ya kwashe kaya masu daraja zuwa wani wuri tukuna. Waɗannan ƙananan sharuɗɗa ne, na ƙananan mutane.

"Yaya," in ji Habsu daga bakin shago, "ko a hwara kwashe hotunan a wani wuri?"

"Wa ya taɓa kwashe gona kafin a raba ta?" in ji Injiniya, bai ko waiwaya ba. Dattawa suka yi murmushi. Mata dai da tsoro.

Ya danna manuwal. Allo ya nuna ɗakunan Lirwanu biyu, ƙarami da babba. Injiniya ya daɗe yana dubansu, yana girgiza kai.

"Allah ya ji ƙan Lirwanu. Yaron kirki ne, amma bai iya rabo ba. Ku dubi zalunci. Ɗaki ɗaya ya cinye kusan komai. Ina haƙƙin matarsa? Ina na marainiya? Ina na 'yan'uwa? Wannan dukiyar gado ce, kuma har yau ba a raba ta ba."

"Kai Makau," in ji Mas'ud, "malamai fa sun ce a bar ta yadda take."

"Malamai sun raba abin da ido yake gani. Cikin na'ura sai mu."

"To ka raba mana janaretan ma, in ɗauki hayaƙin."

Aka yi dariya. Injiniya ya jira ta lafa, kamar yadda malami yake jiran aji. Sannan ya kai linzamin kwamfuta kan babban ɗakin, ya danna a goge shi.

Na'urar ta firgita. Ta fito da wani rubutu a cikin akwati, da alamar ja a gefe. Injiniya mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye wa jama'a fassarar ba.

"Wai cewa take duk abin da ke cikin ɗakin nan zai salwanta. Wai in tabbatar."

Habsu ta miƙe tsaye. "Yaya, in ta ce zai salwanta, a dakata mana. Don Allah a dakata."

"Zauna, Innar Hidaya. Haka suke rubutawa domin su tsorata 'yan koyo. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe fartanya ba. Alhaji Ishaq, ina tambayarka a gaban jama'a. Gambar da aka shuka a kan iyaka tsakanin gonarka da ta ƙanenka, in aka tuge ta, gero yana tashi sama?"

"Ba ya tashi."

"Dawa tana nutsewa ƙasa?"

"Tana nan inda anka shuka ta."

"To fatishan iyaka ce. Iyaka kawai zan tuge, in sake ja inda ya dace. Gona tana nan, amfani yana nan."

Majalisa ta amsa da gyaɗa kai. Maganar ba ta da inda za a kama ta. Kowa a wurin ya taɓa ganin an tuge iyaka, kuma babu wanda ya taɓa ganin gero ya bi ta. Habsu ma 'yar manoma ce. Ta dubi Alhaji Ishaq, ta dubi allon, ta zauna a hankali, hannunta a kan baki.

Na'urar ta sake tambaya ko ya tabbata. Injiniya ya tabbata. Bai taɓa zama bai tabbata ba.

Ya bi ƙaramin ma ya goge. Da ɗakunan biyu suka tafi, rumbu ya zama fili guda fetal, sai Sarkin Rabo na Yamma ya naɗe hannun riga. Ya lumshe ido, ya ɗora tafin hannu a kan kwamfutar, ya saurari nauyinta. Ya yanki kashi ɗaya cikin takwas, ya rubuta masa suna Tumunin Habsu. Ya yanki rabi, ya rubuta Rabin Hidaya. Ya yanka wa 'yan'uwa nasu. Sannan ya fitar da wani kaso ya sa masa Ladan Mai Rabo, wanda cikin ikon Allah ya ɗan fi tumunin faɗi.

"To ita baƙuwar fa?" in ji Mas'ud. "A waje za ta kwana?"

Injiniya ya manta da manhaja. Bai nuna ba. Ya tattaro ɗan abin da ya saura a gefe, ya sa masa suna Zaure, ya ce ta shiga. Manhaja ta duba ta ce wurin ya yi mata kaɗan.

"Kun ga rainuwa? An ba ta masauki kyauta tana aunawa."

Amma baƙuwa ta kafe, kuma rana tana yi. Dole a ƙara mata. Injiniya ya dubi kason da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya wuce ta kan Ladan Mai Rabo bai tsaya ba. Ya yanko daga Rabin Hidaya.

"Yarinya ce," in ji shi. "Ba ta tara kaya ba tukuna."

Saura shara. Na'urar ta tambaya ko a yi wa sababbin ɗakunan sharar sama-sama ta gaggawa, ko kuwa a bi su taku-taku a shafe kowane lungu. Wannan tambaya ta yi wa Injiniya daɗi, domin ta ba shi damar wani jawabin.

"Gaggawa ƙanwar otomatik ce. Wannan rumbu ya yi shekaru ba a yi masa noma ba. Ciyawa ta cika shi, ƙwayoyin cuta sun yi gida. Su za a cire. Noma ciyawa yake ɗauka, ba hatsi ba. Za mu bi shi har saiwa."

Ya zaɓi ta har saiwa. Wani siririn layi ya fito a allo ya fara rarrafe. Aka tafi azahar aka dawo yana rarrafe. Injiniya ya yi amfani da lokacin wajen ba majalisa tarihin kwas ɗinsa na Sakkwato, da yadda malamin ya yi hawaye ranar da za su rabu. A bayan jawabin, layin nan yana tafiya a hankali, yana bi ta kan amaren Gummi da alhazan Bukkuyum da jariran Anka, yana shafe su ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa. A wani wuri tsakanin azahar da la'asar ya bi ta kan wani mutum mai rufe fuska da hula. Babu wanda ya ji ƙara.

Bayan la'asar kwamfuta ta tashi. Kai, ta tashi! Tun da Lirwanu ya saye ta ba ta taɓa irin wannan gudun ba. Kana taɓa ta tana amsawa. Dattawa suka yi salati. Wani ya ce ai ta fi sabuwa. Injiniya ya zaro hankici ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma ya tuna da al'ada. A garin nan ba a mayar wa mutum da kwanonsa babu komai a ciki. Saboda haka ya ɗauko hotonsa daga filashi, wanda ya sa tabarau ya riƙe haɓa, da lambar wayarsa a ƙasa, ya ajiye kwafi ɗaya a kowane kaso.

"Yaya," in ji Habsu. Ta matso har bakin tebur. "Nuna mani shi."

"Wa?"

"Lirwanu."

"Yanzu kuwa." Ya buɗe Tumunin Habsu. Injiniya Makau ya dube su daga ciki, riƙe da haɓa. Babu kowa tare da shi.

"Yana ɓangaren yarinya," in ji shi. Ya buɗe Rabin Hidaya. Injiniya ne. Ya buɗe kason 'yan'uwa. Injiniya ne. Daga ƙarshe ya buɗe Ladan Mai Rabo, ko hotunan sun bi sawun hanta da ƙoda. Nan ma shi kaɗai ne.



"Mi... mi ya hwaru?" in ji Injiniya. Hausar rediyo ta ɗan fita shan iska. Amma manyan mutane ba sa daɗewa a ƙasa. Ya gyara murya, ya mayar da tabarau. "Kada kowa ya damu. An motsa rumbu ne. Kamar ruwan tabki ne in shanu sun shiga. A bar shi ya kwanta, hotuna za su taso."

"Yaushe?" in ji Habsu.

"A kimiyyance ba a sa wa irin wannan rana."

"Makau," in ji Mas'ud, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa, "ina geron?"

Alhaji Ishaq ya tuna yana da baƙi a gida. Sauran dattawan ma ashe duk suna da baƙi. Habsu ba ta yi kuka a kasuwa ba. Ta shimfiɗa zanenta a kan tebur, ta ɗaure kwamfutar da kanta, ta ɗora a ka. Injiniya ya ce a bari ya kai ta a babur. Ta wuce abinta, kuma ta riga ta isa gida kafin babur ɗin ya tashi.

Tabki bai kwanta ba. Da Mas'ud zai je Gusau sayen yadi, Habsu ta ba shi kwamfutar ya kai wa masu gyara. Suka buɗe ta, suka jona ta da tasu, suka yini suna lalube. Suka ce da iyakar kawai aka tuge, da an mayar da ita. Da sharar sama-sama aka yi, da an tsamo mafi yawa. Amma wanda ya yi wannan aikin ya bi rumbun lungu-lungu, bai bar ko ƙura ba. Suka ce sun daɗe ba su ga aikin da aka yi shi har ƙarshe irin wannan ba.

Mas'ud ya dawo ya tsaya a ƙofar shagon Injiniya ya maimaita masa maganar kalma-kalma, domin ta yi masa ciwo. Injiniya ya saurara da kyau. Ya ce a sake faɗa masa ta ƙarshen. Washegari mai fenti ya zo, aka ƙara layi a ƙasan allo: An Shaida Aikinmu Har Gusau.

Masu sallama ba su daina zuwa ƙofar Habsu ba, domin labari bai kai ko'ina da wuri ba. Wani tsoho ya taso daga wani ƙauye a bayan Bukkuyum, a wannan hanyar da yanzu ba kowa yake son binta ba, yana neman hoton ɗansa da ramin zinare ya rufta da shi. Habsu ta fito ta gaya masa. Ya ce ko ƙarami ne, ko wanda bai fito sosai ba. Ta ce babu. Ya zauna a dakalin ƙofar ya daɗe, sannan ya tambayi inda ake hawa mota. Injiniya da ya ji labarin ya ce abin da yake damun mutanenmu shi ne rashin haƙuri da ci gaba.

Ita kuwa Hidaya ba ta manta da alkawari ba. Yara ba sa mantawa da irin wannan. Wata safiya ta ga kwamfuta a kunne, ta hau cinyar innarta, ta ce yau sai an nuna mata. Hannun Habsu ya taɓa linzami, Rabin Hidaya ya buɗe, mutumin nan mai tabarau ya cika allo.

Yarinya ta daɗe tana dubansa. Ta kai yatsa ta taɓa haɓar.

"Inna, wanga shi na Baba?"

"Subhanallahi," in ji Habsu. "A'a, ɗiyata. Wanga mai shara na."

Hidaya yarinya ce mai tarbiyya, an koya mata gaida manya. Da ta fita wasa ta tarar da mutumin hoton a bakin titi yana dukan babur da ƙafa, ta durƙusa har ƙasa a gaban masu shayi da masu jiran mota, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina kwana, Mai Shara."

Injiniya Makau ya yi shekaru yana tara laƙabi. Kowanne da hannunsa ya yanka shi, da hannunsa ya sa aka rubuta, kuma babu ko ɗaya da ya taɓa tsallake bakin kasuwar Anka. Wannan kuwa kafin kasuwa ta zagayo ya isa Bukkuyum. Kafin wata ya ƙare surukinsa na Gummi ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne an canja wa reshen suna. Yanzu in ka sauka a tasha ka ce a kai ka shagon Injiniya, ɗan acaɓa zai tambaye ka wane ne haka. Ka ce Mai Shara, ba sai ka ƙara kwatance ba.

Mas'ud ya ce ba sunan ne ya fi ci wa mutumin rai ba. Yadda ya bazu ne. Babu wanda ya tura shi, babu wanda ya buga shi da ƙafa, babu wanda ya sa hannu. Da kansa ya tashi, otomatik.